Me Ya Sa Labarin Tafiya Yake Ƙarewa a Ƙofar Gida?

Malam Bakatsine:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Akwai wani abu da na daɗe ina lura da shi a rubuce-rubucen tafiya da ake yi da Hausa, tsofaffi da sababbi, kuma ina son mu tattauna shi cikin natsuwa. Marubucinmu yakan ba da labarin shirin tafiya dalla-dalla, da sallama da iyali, da wahalar hanya, da abubuwan mamakin da ya gani a ƙasar mutane, amma da zarar ya juyo gida sai labarin ya tsuke, ya ƙare da layi biyu ko uku cewa an sauka lafiya, dangi sun yi tarya, an gode wa Allah. Alhali duk wanda ya yi shekaru a waje ya san cewa abin da ke biyo bayan taryar nan shi ne ya fi nauyi. Za ka tarar an rasa waɗanda ka bari da rai, yaran da ka bari a goye sun girma ba su san ka ba, abokanka sun saba da zama ba tare da kai ba, kai kuma ka saba da wasu ɗabi'u da mutanen gidanku ke kallo a matsayin girman kai.

Ina ganin mun gaji wannan tsari ne daga farkon rubutun boko. A 1943 Abubakar Imam, editan Gaskiya Ta Fi Kwabo, ya je Ingila cikin ayarin 'yan jaridun Afirka ta Yamma ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1944 kuma aka buga Tafiya Mabuɗin Ilmi. Tafiyarsa gajeriya ce, aikinsa kuma shi ne ya zama ido ga waɗanda ba su je ba, ya yi wannan aiki yadda ya kamata. Abin da ke damuna shi ne mu da muke yin shekara biyar ko goma a Masar ko Malesiya ko Saudiyya har yanzu a kan wannan tsari muke rubutu, muna ba da labarin titunan mutane da jiragensu, muna yin shiru game da abin da ya same mu da muka dawo. Tambayata ita ce, kunya ce ta hana mu, ko kuwa ba mu ɗauki dawowa a matsayin wani ɓangare na tafiya ba?

Hajiya Badamagariya:
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, ka ɗauko magana mai muhimmanci, amma ina ganin shirun ya girmi 1944 nesa ba kusa ba, kuma ba kullum ne matafiyin ke zaɓar yin shirun ba. Ka duba labarin Dorugu, ɗan ƙasarmu ta Damagaram, wanda aka kama yana yaro aka sayar da shi bawa a Barno. Bajamushen nan Overweg ya 'yanta shi, bayan rasuwar Overweg a 1852 ya bi Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, har Tambutu, sannan suka ƙetare Sahara suka isa Ingila a 1855. A can ne wani ɗan mishan mai suna Schön ya zaunar da shi, yana faɗin labarinsa ana rubutawa, aka kuma buga shi a cikin Magana Hausa a 1885. Saboda haka muna da abin da yaron nan ya gani a Landan da Jamus daga bakinsa.

To, Dorugu ya dawo ƙasarmu a 1864, ya rayu har 1912, ya rasu a Kano yana koyarwa a makarantar Baturen nan da ake kira Ɗan Hausa, a Nasarawa. Kusan shekara hamsin ke nan, kuma a cikinsu ne ya zama mutum mai karatu da rubutun boko a lokacin da ba kowa ke buƙatar wannan ilimi ba, a cikinsu ne ya ga zuwan Turawan da ya riga kowa sanin garuruwansu. Waɗannan shekaru ba mu da labarinsu daga bakinsa kamar yadda muke da na ƙuruciyarsa, sai ɗan abin da wasu suka faɗa a kansa. Dalilin a fili yake: wanda ya riƙe alƙalami a Ingila harshen Hausa yake nema, da kuma mamakin yaron Afirka a ƙasar Turai, da ya sami abin da yake so sai aka rufe littafi. A gida kuwa babu wanda ya ga dalilin zaunar da shi ya tambaye shi. Don haka kafin mu zargi matafiyi da ɓoye labari, ya kamata mu duba ko mu da muka zauna a gida mun taɓa tambayarsa wani abu da ya wuce gajiya da tsaraba.

Ɗan Zango, Kumasi:
Hajiya, ranki ya daɗe, kin ambaci tsaraba, kuma a ganina a nan ne babbar matsalar take. Mu mutanen zango a Gana yawancinmu jikokin waɗanda suka fito fataucin goro ne. A wancan zamani ayari kan tashi daga Kano ko Sakkwato ko Jega a ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da baƙaƙen tufafi da fatu, a ƙetare Kwara, a ratsa Bargu, a bi ta Sansanin Mango da Yandi har Salaga a ƙasar Gwanja, zuwa da dawowa kuma kan ci watanni masu yawa, wani lokaci shekara guda. Da yaƙin basasa ya watsa Salaga a 1892, fatake suka bazu Kete Karachi da Yeji da Kintampo da Kumasi. Ana yawan ba da labarin waɗanda suka koma gida da dukiya, irin su Alhassan Ɗantata, amma ga kowane ɗaya da ya koma akwai da yawa da suka zauna, kuma ba duka ne suka zauna don daɗin wurin ba.

Kakan mahaifina yana cikinsu. Abin da tsofaffin gidanmu suke faɗa a tsakaninsu shi ne goronsa ya lalace a hanya, jarin kuma ba nasa ba ne shi kaɗai, akwai kuɗin 'yan'uwa a ciki, sai ya ga ba zai iya shiga garinsu hannu rabbana ba. Ya yi ta cewa baɗi zai koma idan ya mayar da jari, har ya yi aure, ya hayayyafa, ya rasu a nan. Da na girma na je garin nasu, aka karɓe ni hannu bibbiyu, aka nuna mini inda ɗakinsa yake a da. Da na dawo na rubuta labarin, na sa maganar jarin a ciki, domin idan babu ita babu wanda zai fahimci abin da ya raba gida ɗaya zuwa ƙasa biyu. Kawuna ya karanta ya ce ba zai yafe mini ba idan na fitar da shi a haka, ya ce mutumin da ya yi shekaru a kabari ba a tona masa asiri. Rubutun yana nan a ajiye. Wannan shi ne ƙalubalen da nake so a yi mini bayani a kansa, domin idan ka rubuta labarin wata ƙasa babu wanda zai kira ka ya yi maka faɗa, amma labarin dawowa labarin danginka ne, kuma suna raye suna karantawa.

Malam Bazazzagi:
Ɗan Zango, kawunka yana da hujja, kuma ina roƙon 'yan'uwa kada a ɗauki maganarsa a matsayin tsohon tunani. Addininmu bai raina wahalar tafiya da ta dawowa ba. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya siffanta tafiya da yanki na azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, ya kuma umarci wanda ya biya buƙatarsa da ya gaggauta komawa ga iyalinsa. Ya kuma hana wanda ya daɗe a tafiya ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, domin a ba mutanen gida damar shiryawa, kada kuma a shiga gida da niyyar binciken laifi. Wannan hani kaɗai ya isa ya nuna mana cewa shari'a ta san akwai abubuwan da ke faruwa a bayan matafiyi waɗanda sutura ta fi dacewa da su.

Malamanmu na Malikiyya sun yi babi guda a kan wanda ya ɓata a tafiya. A cikin Risala an bayyana cewa idan matarsa ta kai ƙara wurin alƙali, aka bincika ba a sami labarinsa ba, za a ɗiba mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba, sannan ta yi aure idan ta so, dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai lokacin da irinsa ba ya wuce shi a raye. Ku yi tunanin mutumin da ya tafi Makka a ƙasa, ya dawo bayan shekara goma sha biyar ya tarar matarsa tana ɗakin wani bisa hukuncin alƙali, da 'ya'ya a tsakaninsu. Babu wanda ya yi laifi a cikinsu. Idan ya zauna ya rubuta zafin da ya ji, wa zai ɗauki nauyin abin da za a riƙa faɗa wa matar da 'ya'yanta a gari? Shirun da Malam Bakatsine yake kuka da shi, sau da yawa tausayi ne da kare mutuncin wasu, kuma ni ban yarda a kira shi gazawar marubuci ba.

Malam Bakatsine:
Allah ya gafarta Malam, na karɓi maganar sutura, kuma ba na kiran kowa ya fallasa matarsa ko mahaifinsa. Sai dai akwai yanki mai faɗi na labarin dawowa da bai shafi asirin kowa ba sai na marubucin. Mutum zai iya rubuta yadda ya ji kansa baƙo a majalisar da ya tashi a cikinta, da yadda ya rasa abin cewa idan ana hirar abubuwan da suka faru ba ya nan, da yadda takardar shaidar da ya sha wahala a kanta ta zauna a akwati ba aiki, da yadda kowa ya ɗauka ya dawo da kuɗi alhali da ƙyar ya haɗa na jirgi. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, amma mun bar maganar a karin magana, ba mu taɓa buɗe ta mun nuna yadda abin yake faruwa a cikin kwanaki da watanni ba.

'Yar Jarida:
Ina gaida iyayena da yayyena. Ina so in shigo ta ɓangaren sana'ar rubutun kanta, domin ko da an ba mutum izini, akwai abin da ke hana labarin fitowa daidai. Na farko shi ne mantuwa, da kuma yadda labari ke sauya kama idan an yawaita faɗinsa. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya yakan ba da labari a zaure sau da yawa kafin ya ɗauki alƙalami, kuma duk lokacin da ya faɗa yana lura da inda mutane suka yi dariya da inda suka yi salati, sai ya riƙa faɗaɗa waɗannan wurare yana zubar da sauran. Kafin ya zauna rubutu, abin da ya rage a kansa shi ne labarin da zaure ya zaɓa masa.

Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, misali ne da ya dace da duk abin da ake tattaunawa a nan. Ya bar Tanja a 1325, bai sake taka Maroko ba sai 1349. A Dimashƙa, yana kan hanyar dawowa, ya sami labarin cewa mahaifinsa ya rasu shekara goma sha biyar da suka wuce, ɗan da ya bari a garin shi ma ya rasu, mahaifiyarsa kuma ta rasu gab da isowarsa gida. Duk wannan 'yan layuka ne a cikin littafi mai girman gaske, kuma bai daɗe a gida ba ya sake fita zuwa Andalus, daga nan ya ƙetare Sahara zuwa Mali, ya biyo ta Takadda a ƙasar Nijar ta yau a 1353. Shi da kansa ya faɗi cewa abin da ya kwafa daga kaburburan malamai a Buhara ya salwanta lokacin da 'yan fashin teku suka yi masa ƙwace a gaɓar Indiya. Da Sarkin Fas ya sa Ibn Juzayy ya rubuta labarin daga bakinsa, da ƙwaƙwalwa aka yi aiki, aka kuma cike wasu wurare da bayanin Ibn Jubair wanda ya riga shi tafiya. Ibn Haldun kuma ya ruwaito cewa mutanen fada sun riƙa raɗa a tsakaninsu cewa ƙarya yake yi, saboda abin da yake faɗa na kyautar Sarkin Delhi ya fi ƙarfin abin da suka saba gani.

Na biyu shi ne wanda ya biya kuɗin tafiyar. Mu 'yan jarida da yawa daga cikin tafiye-tafiyenmu wani ne ke ɗaukar nauyinsu, hukuma ko kamfani ko ofishin jakadanci, kuma wanda aka ba kujera da masauki da guzuri yana jin nauyin rubuta cewa ya ga alhazai tsofaffi suna kwana a ƙasa suna jiran jirgi. Na taɓa rubuta irin wannan bayan wata tafiya, aka cire sakin layin kafin a buga, aka ce mini ba a cin abincin mutum a zage shi. Ban zagi kowa ba, abin da idona ya gani na faɗa.

Ɗan Sinnar, Sudan:
Assalamu alaikum. Ina karanta maganganunku tun daga farko, kuma ina so in ƙara wani nau'in matafiyi da ba a ambata ba, wato wanda aka haifa a cikin tafiyar. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja sauran jama'a zuwa gabas, suka kafa garin da har yau ake kira Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Ban da su akwai dubban mahajjata da suka biyo hanyar ƙasa daga Kano da Barno, ta Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, ta Abeshe da Jinaina da Fashir da El-Ubayyid, suna nufin Sawakin ko Port Sudan don su ƙetare zuwa Jidda. Tafiya ce ta shekaru, ana yi ana tsayawa noma ko ƙwadago don a tara guzuri, da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 kuma sai da yawa suka sami aikin da ya riƙe su. Kakanninmu har suka tsufa suna cewa su matafiya ne, ko dai suna kan hanyar zuwa Makka ko suna kan hanyar komawa gida.

Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, an kwashe ɗaliban Nijeriya da motoci zuwa iyakar Masar, daga can aka kai su gida a jirgi, domin suna da fasfo kuma suna da inda za su. Da faɗa ya iso Wad Madani a ƙarshen wannan shekarar, ya kuma shigo jihar Sinnar a 2024, mu Hausawan da muka yi ƙarni a nan sai tambayar ta zo mana da gaske: ina ne gidan da za a koma? Mu 'yan Sudan ne a takarda da haihuwa, wasu maƙwabtanmu na kallonmu a matsayin baƙi, waɗanda kuma suka yi ƙoƙarin zuwa ƙasar kakanni sun iske abin da suka riƙe bai wuce sunan gari da sunan kaka ba. Malam Bazazzagi, da kakana ya rubuta ko da shafi biyu ne, ya faɗi unguwarsu da sunan 'yan'uwansa da dalilin da ya hana shi komawa, da yau ina da ƙofar da zan ƙwanƙwasa. Shirun da ya rufa masa asiri a zamaninsa shi ne ya bar mu ba mu da hanya.

Hajiya Badamagariya:
Allah ya kawo muku sauƙi, ɗan'uwa, ya zaunar da ƙasarku lafiya. Allah ya gafarta Malam, ni ma ina da abin da zan ɗora a kan maganar sutura, domin a wurinmu shirun masu dawowa ya taɓa cin rayuka. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, galibinsu mata da ƙananan yara, ƙishirwa ta kashe su bayan motocinsu sun lalace, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, nan kusa da mu. Abin da ke fitar da matan nan daga ƙauyukansu talauci ne, babu mai musun wannan, amma abin da ke nuna musu hanyar Aljeriya shi ne abin da suke gani a hannun waɗanda suka dawo. Mace za ta dawo da katifa da atamfa da kuɗin sayen awaki, kowa ya gani da idonsa, amma ba za ta zauna ta faɗi bara da ta yi a titi ba, ko kwanan da ta yi a kango, ko yadda aka kamo su aka zubar a hamada suka taka zuwa Asamaka. Wadda ta dawo ba komai kuwa ɗaki take shigewa, ba ta son a gan ta, balle a ji daga bakinta.

Haka abin yake ga samarin da ke bin hanyar Agadas da Dirku zuwa Sabha a Libiya. An kafa dokar hana safarar baƙin haure a Nijar a 2015, aka soke ta a ƙarshen 2023, amma a duk tsawon lokacin hoton da yaro ke turowa a waya yana tsaye a gaban motar da ba tasa ba ya fi kowace doka tasiri a zuciyar ƙannensa. Wannan ma rubutun tafiya ne, kuma shi ne wanda aka fi karantawa a yau. Idan masu iya alƙalami suka yi shiru saboda kunya, sun bar fagen ga wannan hoton.

Malam Bazazzagi:
Hajiya, wannan da kika kawo babi ne daban, kuma hukuncinsa a bayyane yake. Imam Nawawi ya lissafa wurare shida da ambaton abin da mutum ba ya so a faɗa ba ya zama giba, daga cikinsu akwai gargaɗin Musulmi daga cutarwa. Wanda ya bi hanyar hamada ya ga mutuwa da idonsa, sannan ya ga ƙaninsa yana ɗaure kaya, wajibi ne a kansa ya faɗa masa gaskiya, yin shiru a nan ha'inci ne. Haka nan wanda zai faɗi talaucinsa da kaɗaicinsa, kamar yadda Malam Bakatsine ya bayyana, haƙƙinsa ne, ban ga mai hana shi ba matuƙar ba zunubin da Allah ya rufa masa asiri a kai zai tallata ba.

Inda nake nan a kan bakana shi ne haƙƙin wanda bai ba da izini ba, musamman mamaci da mace. Ɗan Zango, shawarata ita ce ka koma wurin kawunka, kada ka tafi da niyyar cin nasara a kansa. Ka nuna masa cewa lalacewar goro a hanya ƙaddara ce da ta sami fatake da yawa, kuma mutumin da ya ƙi komawa gida saboda nauyin kuɗin 'yan'uwa mai amana ne, domin mara amana da ya koma ya yi rantsuwa ya ci gaba da harkarsa. Idan kuma bashin nan ba a taɓa biyansa ko yafe shi ba, to wannan ya fi rubutun gaggawa, ku nemi magadan masu kuɗin ku warware shi. Idan bayan haka kawunka bai amince ba, ka sauya sunaye da sunan gari, ka fitar da labarin.

'Yar Jarida:
Allah ya saka wa Malam da alheri. Akwai wata murya da har yanzu ba mu ba ta wuri ba, ita ce ta wanda aka bari a gida. Duk labaran da muka ambata daga bakin wanda ya tafi suke, kuma kusan dukkansu maza ne. Matar da ta yi shekara bakwai tana riƙe da yara da sana'ar ƙuli-ƙuli ko ɗinki, ta koyi yanke shawara ita kaɗai a kan makaranta da asibiti da auren 'ya, ranar da mai gida ya dawo ana sa ran ta miƙa komai ta koma yadda take kafin ya tafi. Na zauna da irin waɗannan mata a wurin aiki, kuma abin da suke faɗa game da watannin farko na dawowar miji ya fi abin da mazan ke faɗa zurfi da gaskiya, wataƙila domin su babu wanda ya ɗora musu nauyin nuna cewa tafiyar ta yi riba. Wanda zai rubuta labarin dawowarsa, ina ba shi shawara ya ci gaba da rubuta abin da ke faruwa kullum har watanni bayan saukarsa, kamar yadda yake yi a hanya, kuma ya tambayi matarsa da mahaifiyarsa yadda suka gan shi, ya rubuta amsarsu ko da ba ta yi masa daɗi ba.

Ɗan Zango, Kumasi:
Na gode, Allah ya gafarta Malam. Maganar bashin ta tsaya mini a rai, domin a gidanmu ana ambatonsa a matsayin tarihi, ba a ambatonsa a matsayin haƙƙin da ke kan wani. Zan fara da ita kafin in sake tayar da zancen rubutu, kuma zan nemi babbar gwaggonmu ta shiga tsakani, domin kawu yana jin maganarta.

Ɗan Sinnar, Sudan:
Ina da roƙo guda a kan shawarar Malam ta ƙarshe. Idan dole ta sa a sauya sunan mutum, a sauya, amma don Allah a bar sunan gari da na unguwa yadda suke, a kuma bar sana'ar gidan da shekarar da aka fita idan an san ta. Mai karatu na yau da ke neman daɗin labari ba zai damu da su ba, amma irinmu da ke neman dangi da waɗannan abubuwa muke bincike, kuma labarin da aka goge masa gari ba zai kai kowa ko'ina ba. Sannan duk wanda ke da tsofaffin wasiƙun ajami a gidansu waɗanda mahajjata suka aiko daga Sudan ko Makka, irin waɗanda ake ba masu komawa su kai da hannu, ya ɗauki hotonsu tun kafin gara ta cinye su. A ƙarshen irin waɗannan wasiƙu akan jera sunayen waɗanda ake gaisarwa gida-gida, kuma a wurinmu akwai tsofaffin da har yanzu za su iya gane wasu daga cikin sunayen idan aka karanta musu.